Motar da Baba Bai Ji Zuwanta Ba

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

Yau na ɗauko ta. Fara ce, ba irin farin da na so ba, amma shi ya rage a wurinsu. Mai sayar da motocin ya ce in riƙa rubuta yadda batirin ke sauka a makonnin farko don in san halinta, shi ya sa na ɗauki wannan littafin. Na mota ne kawai. In na ga na fara zuba surutu a ciki zan taka wa kaina burki.

Abin da na fara lura da shi, motar lantarki ba ta gaya wa mutum ta tashi. Na danna maɓalli, na zauna ina jira, na sake dannawa, ashe kashe ta na yi. Mai sayarwa yana gefe yana danne dariya. Sai da ya leƙo ya nuna min koren rubutu a allo ya ce, "Malama, ai tun ɗazu a shirye take, ke take jira."

Yara sun shiga sun fita har na gaji da cewa a cire takalmi. Baban yara ya zagaya ta, hannu a baya, ya ce, "To, mun huta da layin gidan mai." Shi ya ja igiyar caji daga bangon kicin zuwa tsakar gida, yanzu kowa sai ya tsallake ta kafin ya kai wurin shanya.

Gwaggo kuwa ta tafi tun shekaranjiya. Tsohuwar motata ke nan, mun sa mata sunan ne don ba ta tafiya sai da mita. Wani mai gidan burodi ya saye ta, zai riƙa kai kaya shaguna da ita. Ban yi kuka ba, amma na tsaya a bakin ƙofa har ƙararta ta ɓace, kuma ƙarar Gwaggo ba ta ɓacewa da wuri.

Gobe Lahadi, ranar zuwa gida. Ina ɗokin jin abin da Baba zai ce. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a ƙarƙashin motocin mutane, ga 'yarsa ta kawo masa mota ba inji. Tun da ganinsa ya yi rauni, kunne ya zama idonsa. Da na shawo kwanar layinsu yake miƙewa daga benci, ya laluba zuwa ƙofa, kafin in kashe mota ya dafa bonet ya ce, "Sifana, kin yi gudu," ko kuma, "Sifana, baƙin manki ya tsufa." Sai bayan nan a gaisa. Ni ce Sifana. Tun ina ƙarama nake miƙa masa sifanar kwance noti a gareji, sunan ya biyo ni har gidan miji.

Mama ta ce a waya kwanan nan Baba sai a hankali. Na ce tsufa ne.

Lahadi, ƙarfe bakwai na yamma

Zuwa gidan su Mama ya ci kusan rabin caji, da esi a kunne. Dawowa na kashe shi, na sha zafi, na iso da saura. In aka ɗaga ƙafa daga totur sai ta rage gudu da kanta, wai batiri take ciyarwa da hakan. A hawan gada ko nishi ba ta yi.

Shi ke nan game da mota.

Baba yana kan benci da na shiga. Bai miƙe ba. Na ajiye ta inda nake ajiye Gwaggo, ƙarƙashin bishiya, na fito, na rufe ƙofa, har lokacin fuskarsa tana kallon titi. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa da fara'a sosai, irin wadda yake yi wa masu kawo gyara a da, ya ce, "Lafiya lau, baiwar Allah. Wa kike nema?"

Na yi dariya. Baba da tsokana. Na ɗaga kai in haɗa ido da Mama mu yi dariyar tare, sai na gan ta a ƙofar kicin da tsumma a hannu, ba dariya take ba.

Hanya ta yi kyau yau, ba cunkoso.

Litinin, ƙarfe ɗaya na rana

Kamfaninmu ya kafa wurin caji a bayan sito, kusa da inda ake sauke gangunan man sabulu. Ni ce ta farko da na jona mota a wurin, don haka na zama abin kallo. Mai gadi ya tsuguna yana leƙen ƙarƙashinta, ya ce, "Malama, ta ina take fitar da hayaƙi?" Na ce ba ta yi. Ya ce, "To duk a ciki take riƙewa? Wannan ai sai ta kamu da ciwo." Direbobin manyan motoci suka kwashe da dariya.

A ɗakin gwaji na yanki sabulun da aka kawo min daga wurin masu aikin safe, na narkar, na auna, na rubuta. Da na juya sai na ga na riga na gwada shi, ga rubutuna nan da hannuna. Abokiyar aikina ta ce, "Sabuwar mota ta tafi da hankalinki." Na bar ta a haka, ya fi sauƙi.

Talata, ƙarfe shida na safe

Caji ya cika. Ban kira gida ba.

Laraba, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Auta ne ya kira. Ƙanena, gemunsa har ya fara furfura amma yana nan Auta, shi ke zaune da su Mama. Ashe sun je asibiti tun watan jiya. Ashe likita ya ba abin suna. Auta ya faɗa min sunan, na san shi, ba zan rubuta shi a littafin mota ba.

Na yi masa faɗa sosai kan ɓoyon da suka yi min. Ya bar ni na gama, wanda ba halinsa ba ne, nan na san abin ya yi nisa.

Na ce, "To ya aka yi ya san ka, ya san Mama?"

Ya ce, "Yaya, mu kullum muna kansa. Ni ma in na kashe babur daga nesa na turo shi, sai ya ɗan jima kafin ya gane ni. Ke kuma mako-mako kike zuwa, sannan kin zo ba sallama."

"Na yi sallama mana! Har ƙasa na durƙusa."

"Ba ta baki nake nufi ba. Shi fa yanzu a jere yake ɗaukar abu. Ya ji Gwaggo, ya dafa bonet, sannan ya ji muryarki. Kin cire biyun farko, ya rasa inda zai rataya ta ukun."

Na ce wannan surutun banza ne, uba ba ya mance muryar 'yarsa saboda ƙarfe. Auta ya ce Allah ya sa. Na kashe waya ban yi masa sallama ba, shi ma ya ji yadda ake ji.

Lahadi, ƙarfe shida da rabi na yamma

Na danna hon tun daga kwana. Baba ya toshe kunne ya ce wane marar kunya ne wannan.

Na zauna kusa da shi a benci na riƙe hannunsa. Baƙin mai yana nan a layukan tafinsa, shekara da shekaru da barin gareji bai fita ba, kuma 'yarsa sabulu take yi. Na ce, "Baba, ni ce. Sifana ce."

Ya juya maganar a ransa. Sannan ya ce a hankali, don kada ya ɓata min rai, "Sifana ba ta iso ba tukuna. Da ta iso da na ji motarta. Amma ki zauna ki jira ta, ba ta makara."

Na ce ai da mota na zo, ga ta can. Ya ce a kai shi. Auta ya riƙe shi har gabanta. Ya dafa bonet, ya daɗe, ya matsar da hannun gaba, ya dawo da shi.

"Wannan yau ba ta je ko'ina ba," ya ce. "Sanyi ƙalau."

"Daga nesa na zo da ita, Baba."

Ya girgiza kai, ya ce a buɗe. Na buɗe. Ya zura hannu inda inji ya kamata ya kasance, ya taɓo akwatin roba, ya taɓo igiyar caji a naɗe da ledar lemun da na kawo musu. Ya ɗago a firgice.

"Baiwar Allah, an yi miki sata! An cire miki inji ɗungurungum. A ina kika kwana da ita?"

Auta ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Ni ma na yi dariyar har da hawaye, sai dai dariyar ta tsaya, hawayen bai tsaya ba. Baba ya yi ta ba ni haƙuri, ya ce duniya ta lalace, ya ce in 'yarsa ta zo za ta rage min hanya.

Dawowa na tsaya a wurin caji na bakin babbar hanya. Ana daɗewa a wurin, kuma ba abin yi sai zama a kujera ana kallon allo. Da fetur ne da tuni na wuce ban samu lokacin tunani ba. Wannan aibi ne a mota, na rubuta shi.

Talata, ƙarfe tara na safe

A ƙaramin titin da ke shiga kamfani na bi bayan wata tsohuwa mai sayar da ayaba, tana tsakiyar hanya da tire a ka. Na yi ta binta a hankali ina jiran ta kauce, na manta ba ta jin komai. Da ta waiwayo ta gan ni dab da ita sai ta zabura, tiren ya kife.

"Haba 'yata! Ki riƙa motsi mana, sai ka ce aljana!"

Na fito na taya ta tsince ayabar, na ba ta haƙuri. Ba ta ji ciwo ba. Matar da ban taɓa gani ba ta kira ni 'yata, na tafi da kalmar har ɗakin gwaji, na wuni da ita.

Alhamis, ƙarfe bakwai na yamma

Mama ta ce ranar Lahadi bayan tafiyata Baba ya ƙi tashi daga benci har duhu ya yi. Wai Sifana tana hanya. Ya ƙi cin abinci, ya ce a rufe nata kada ya huce. Da Mama ta lallaɓa shi ya shiga ciki sai ya ce mata, "In ta zo kada ki yi mata faɗa. Aiki ne ya riƙe ta."

Da fushi yake yi da ni da ya fi min sauƙi. Na zo, na zauna, na riƙe hannunsa, amma a wurinsa 'yarsa ta daina zuwa, kuma yana nema mata uzuri.

Baban yara ya same ni a tsakar gida ina kallon koriyar fitilar caji. Bai ce min in yi haƙuri ba, ya san ba na so. Ya ce, "A aro Gwaggo mana, ko na yini ɗaya. Ai ba ƙasa ta bari ba."

Wani lokaci mutumin nan yana da amfani.

Asabar, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Gidan burodin yana bayan kasuwa, zafi ya tare ni tun daga ƙofa. Tire-tire a jere har rufi, wani inji yana juya ƙulli, mai gidan kuma fulawa har gwiwar hannu. Ƙato ne mai yawan dariya. Na hango Gwaggo a gefe, an cire mata kujerun baya an shimfiɗa katako. Ta yi min kallon wadda aka sayar.

Na ce mahaifina yana son ya ji ta, gobe kawai. Bai tambaye ni komai ba, Allah ya saka masa. Sai dai ya ce Lahadi ma mutane suna cin burodi, da me zai kai? Na miƙa masa makullin tawa. Ya shiga, ya danna maɓalli, ya jira, ya sake dannawa. Na ce, "Kashe ta ka yi." Na ji daɗin faɗar wannan fiye da yadda ya kamata.

Da zan tafi ya bubbuga bayan Gwaggo ya ce, "Za ki ga na kula miki da ita. Wannan kas-kas ɗin da take yi a baya, wani ƙarfe ne mai riƙe salansa ya saki. Nan take aka ɗaure shi. Ina mamakin yadda kika zauna da shi shekaru."

Na yi masa godiya. Har na ji daɗi ta faɗa hannu nagari.

Lahadi, ƙarfe bakwai da rabi na yamma

Ƙafata ta hagu ta mance aikinta, a danja ta farko sai da mota ta mutu min. Na yi tafiyar duka cikin ƙamshin burodi, ina ta shirya amsar da zan ba Baba in ya ce na yi gudu.

Na shawo kwana a hankali. Auta ya bar ƙofa a buɗe, don haka na hango Baba. Ya ɗaga kai. Ya dafa benci, ya fara miƙewa. Ban san lokacin da na fara cewa "Baba, Baba" ni kaɗai a mota ba. Ya karkata kai yana sauraro, a rabin tsaye. Sannan ya koma ya zauna.

Na bar ta a kunne na fito. Na ji yana ce wa Mama, "Irin ta Sifana ce. Amma ba ita ba ce."

Mama ta ja ni kicin. Ta ɗauki wuƙa ta ci gaba da yanka albasa, ba ta kalle ni ba ta ce, "Ina kas-kas ɗin?"

Na ce mai burodi ya gyara.

Ta ajiye wuƙar. "Ke kin zaci ubanki bai iya ɗaure ƙarfe ɗaya ba ne? Mutumin da ya sauke injin motar nan ya mayar da hannunsa? Da gangan ya bar shi. Na sha ce masa abin kunya ne, 'yar bakanike tana yawo da mota tana kas-kas. Sai ya ce, 'Ke ba ki gane ba. Irin motar nan ta cika gari, ta yaya zan san tata tun daga kwana?'"

Shekaru ina yi masa mitar ƙarar nan. Kullum sai ya ce, "Sai wani zuwan, Sifana, yau bayana yana ciwo."

Auta ya ɗauko kayan aikin Baba ya kwanta ƙarƙashin mota, ya sassauta ƙarfen. Na fita na zagayo. Garan-garan take yi, ba kas-kas ba. Ya ɗan ɗaure, na sake zagayowa, sai ta koma wani ƙiii mai hawa kai. Muka yi ta yi har maƙwabta suka fara leƙowa. Hannun da ya san daidai inda ake tsayar da notin nan yana kan benci, a kan gwiwar mai shi.

Ƙarshe Baba ya fusata, abin da ba ya yi. "Wane ne ke wasa da motar mutane? Ku ɗaure mata salansa kafin ta faɗi a titi!"

Auta ya ɗaure ta tam. Ihu bayan hari muka yi.

Litinin, ƙarfe takwas na safe

Na mayar wa mai burodi motarsa. Ya ce tawa ba ta da laifi, sai dai masu shaguna ba su ji zuwansa ba, ya wuni yana ƙwanƙwasa ƙofofi. Ya cika min leda da burodi mai zafi, ya ce a kai wa tsoho. Ya tambaya ko ya ji daɗin jin ta. Na ce ya ji.

Laraba, ƙarfe bakwai saura na safe

Na tarar da saƙo a allon mota, wai ta sabunta kanta muna barci. Yau ta iya abin da ba ta iya ba jiya. Haka za ta riƙa yi, in ji su, kullum tana ƙara sani.

Na zauna a ciki ban motsa ba har yara suka ce za su makara.

Alhamis, ƙarfe shida na safe

Caji ya cika. Na kira gida. Baba ya ci abinci.

Lahadi, ƙarfe uku na rana

Ban je ba. Na ce mura nake yi. Na wanke motar da ba ta yi datti ba, na goge tayoyinta ɗaya bayan ɗaya. Baban yara yana kallona ta taga.

In na je ba ni ba ce, in ban je ba ma ban je ba. A wurinsa duk ɗaya ne. Na yi ta gaya wa kaina haka, kuma har yanzu ban yarda ba.

Litinin, ƙarfe biyu na rana

Mama ta kira. Ba ta tambayi mura ba, ta san 'yarta. Jibi za a koma asibiti. Wancan karon a tasi suka je, Baba ya ji wani bugu a injin, ya dage sai an tsaya ya duba, direba ya ƙi, sai ya kama murɗa ƙofa mota tana gudu. Da ƙyar Auta ya riƙe shi. Mama ta ce, "Taki ba ta da abin da zai ji. Ki zo ki kai mu."

Na nemi izini a wurin aiki. Na jona mota.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Na sa Baba a gaba, na ɗaura masa bel. Mama tana baya da jakar magunguna. Muka fita layi, muka hau kwalta. Ya karkata kai kamar yadda ya saba.

"Gangara muke?"

"A'a Baba, a miƙe muke."

"Kashe ta kika yi?"

"Haka take tafiya."

Ya daɗe yana sauraro, ba abin da ake ji sai taya a kan titi. Can ya ce, "Ba abin da ke damunta." Ya jingina kansa da kujera, hannuwansa suka buɗe a kan cinyarsa. Tun da nake ban taɓa ganin Baba ya zauna a mota yana hutawa ba.

Abin da likita ya ce, Mama ta ji, ni ma na ji.

A dawowa Mama ta rufe ido, ban san ko barci take ba. Mun wuce shataletale sai Baba ya ce, "Kin iya tuƙi, baiwar Allah. Ba kya taka burki a cikin kwana, tun kafin ki isa kike ragewa."

Na ce haka aka koya min.

"Ina da 'ya mai tuƙi haka. Aikin sabulu take yi, babba ce a wurin. Tana ƙarama take zama da ni a gareji. In ina ƙarƙashin mota ba sai na yi magana ba, hannu kawai nake miƙowa, ta sa min abin da nake nema. Yaran da na koya wa aiki ba wanda ya kama ƙafarta. Ban taɓa gaya mata ba, kada kanta ya yi girma." Ya yi 'yar dariya. "Dama da girman kanta."

Na riƙe sitiyari da kyau.

"Ta kwana biyu ba ta zo ba. Ba na ganin laifinta. Hanya da nisa, motarta ta tsufa, ga yara."

"Ni ce" ta zo min har baki. Na san abin da zai biyo baya, na riga na gani: ya yi shiru, ya ruɗe, ya fara ba ni haƙuri, hannuwan nan su sake dunƙulewa. Ina so ya kira ni Sifana, Allah ya sani ina so. Amma na kalli hannuwansa a buɗe, na haɗiye maganar. Muka ci gaba da tafiya, yana ba ni labarin wata babbar mota da suka kwana suna fitarwa daga rami, ya faɗa ya sake faɗa, na saurara duka.

A ƙofar gida na zagaya na buɗe masa, na kwance bel, na riƙe shi ya sauko. Bai saki hannuna ba.

"Za ki dawo?"

"Ranar Lahadi, in Allah ya yarda."

"Lahadi ranar 'yata ce. Amma ki zo, gidan zai ɗauke ku." Ya ɗan matse yatsuna. "Ke 'yar wa ce?"

"'Yar wani bakanike ce."

"A'a! Ashe 'yar gida ce. Ya iya aiki?"

"Ba kamarsa, Baba."

"Na ji a tuƙinki. Yana nan?"

Mama ta tsaya a bayansa da jaka a hannu, tana kallon ƙasa.

Na ce, "Yana nan."

"Madalla. Ki gaishe min da shi, ki ce ya yi tarbiyya."

"Zai ji," na ce.

Na jira har Mama ta shigar da shi ciki kafin na juya mota.